Ina za a tura yaro karatu bayan BAK: Najeriya, ƙasashen sefa, Maroko, Turkiyya, Faransa ko Kanada?

Da zarar sakamakon BAK ya fito, gidaje da yawa a nan Tawa sukan shiga shawara iri ɗaya: yaro ya zauna a Jami'ar Djibo Hamani, ya tafi Abdou Moumouni a Yamai, ko a yi ƙoƙari a fitar da shi waje? In an ce waje, kawu zai ce ga Sakkwato nan kusa, yaya da ke aiki a Yamai ya ce Maroko, shi kuma yaron idonsa na kan Kanada saboda abin da yake gani a waya. Wannan rubutu na waɗanda suka riga suka karkata ga fita ne, amma suka rasa hanyar da za su kama.

Akwai abu ɗaya da nake roƙon iyaye su riƙe tun daga farko. Kuɗin shekarar farko ba ya cika gagarar gida. Dangi sukan haɗa hannu, a sayar da fili ko bisashe, ko a jira kuɗin albasa. Karatu ya fi karyewa a shekara ta biyu ko ta uku, lokacin da abin sayarwa ya ƙare, katin zama ya kai ranar sabuntawa, mai ɗaki kuma yana jiran haya. Saboda haka duk ƙasar da zan ambata, da tambayar nan zan auna ta: shin gidan nan zai iya ɗaukar wannan kaya har ranar da za a miƙa wa yaro difloma?

Ma'auni biyar

Na farko gurbi: wa ke ba da shi, da wane maki, kuma yaushe ake rufe ƙofa. Wasu burs ana rufe su tun kafin a zauna jarrabawar BAK, wasu kuma ƴan makonni bayan sakamako. Wanda ya fara tunani a watan Satumba ya riga ya rasa da yawa daga ciki.

Na biyu izini, kuma kashi biyu ne: bizar shiga, da katin zama da ake sabuntawa yawanci duk shekara. Mutane sun fi tsoron biza, alhali katin zama ne ke dawowa kowace shekara yana neman takardar sabuwar rajista da shaidar kuɗi, a wasu ƙasashe har da shaidar cewa ɗalibi yana cin aji.

Na uku kuɗi. A haɗa na makaranta, ɗaki, abinci, magani da jirgi, sannan a ninka da yawan shekarun karatu, a ƙara shekara ɗaya don tsautsayi. A kuma duba da wane kuɗi za a biya. Sefa a ɗaure take da yuro, yuro ɗaya sefa 655.957, don haka lissafin Dakar ko na Faransa ba ya motsi da canji. Naira, lira ta Turkiyya da dalar Kanada kuwa kullum suna hawa da sauka.

Na huɗu nauyin difloma idan an dawo gida. Wanda zai shiga gasar ɗaukar ma'aikatan gwamnati ko ya yi aikin sibik sai ma'aikatar ilimi mai zurfi ta daidaita takardarsa da tamu. Hukumar CAMES, wadda aka kafa a Yamai a 1968 kuma cibiyarta ke Wagadugu, tana wallafa jerin diflomomin da ta amince da su. A lura, difloma ake amincewa da ita ɗaya bayan ɗaya. Makaranta tana iya samun amincewa a fanni guda, ta manna tambarin a allonta, alhali fannin da yaronku zai karanta ba ya ciki.

Na biyar haɗari: yajin aiki, rufe iyaka, yaƙi, da dillalai. Ɗaliban Afirka sun gudo daga Yukren a 2022 da rabin karatun likita, haka waɗanda ke Khartum a Afrilun 2023. Mu ma nan, daga ƙarshen Yulin 2023 zuwa Fabrairun 2024, takunkumin CEDEAO ya sa aika kuɗi waje ya zama wahala ga iyaye da yawa.

Kafin komai, a gyara takardu. Takardar haihuwa, ta zama ɗan ƙasa, ta BAK, ta maki da fasfo, dole suna da ranar haihuwa su zama iri ɗaya harafi da harafi. A ƙasarmu abu ne sananne a ga Mahamadou a wata takarda, Mohamed a wata, ko a ga ranar haihuwar da alƙali ya yanke ta saɓa da ta katin lakwal. A gida ana wucewa da haka, amma a ofishin jakadanci yana iya mayar da dosiye baya. Gyaran yana cin makonni, a fara shi tun yaro yana ajin ƙarshe, a haɗa da katin rigakafin shawara.

Najeriya

Ga ɗan Tawa babu waje mafi kusa. Daga Ƙonni a tsallaka Illela, kafin azahar mutum yana Sakkwato. Ga Jami'ar Usmanu Danfodiyo, ga Bayero a Kano, ga Ahmadu Bello a Zariya da aka kafa tun 1962. Harshe ɗaya, abinci ɗaya, kuma da wuya a rasa dangi ko abokin kasuwancin mahaifi da zai sa ido a kan yaro. Tun da darajar naira ta faɗi a tsakiyar 2023, mai riƙe da sefa yana samun sauƙin rayuwa a can, ko da yake baƙo yana biyan kuɗin makaranta fiye da ɗan ƙasa.

Cikas na farko Ingilishi ne. Hausa za ta kai yaro kasuwa da masallaci, amma lacca da jarrabawa duk da Ingilishi ake yin su, kuma Ingilishin lise ɗinmu ba ya isa ga mafi yawa. A sa watanni na koyon harshe cikin lissafi. Shiga kuma tana bi ta JAMB, hukumar ɗaukar ɗalibai a jami'o'in Najeriya, jami'a ce ke duba BAK ta yanke matakin da za ta ɗauki ɗalibi. Digiri na farko shekara huɗu ne, injiniya biyar, likita shida.

Batun izini ya canja launi tun da Nijar ta fita daga CEDEAO a hukumance ranar 29 ga Janairun 2025. Ƙungiyar ta ce ƴan ƙasashen AES (Nijar, Mali da Burkina Faso) za su ci gaba da shiga ba biza har sai an ba da wata sanarwa. Sauƙi ne, amma wanda ake iya janyewa. Ɗalibi ya riƙe fasfo mai rai da takardar zama, kada ya dogara da cewa yana kama da ƴan gari.

Babban haɗari yajin aikin malaman jami'o'in gwamnati: na 2020 ya kai wata tara, na 2022 wata takwas. Iyakar ma an rufe ta daga Agustan 2023 zuwa Maris 2024, ga kuma matsalar tsaro a wasu hanyoyin Sakkwato da Zamfara. Jami'o'i masu zaman kansu ba sa wannan yajin, amma sun fi tsada, kuma lalle a duba ko hukumar NUC mai kula da jami'o'in Najeriya ta amince da ainihin fannin. Idan an dawo, sai an nemi daidaita difloma, kuma wanda ya karanci shari'a ko aikin mulki a tsarin Ingilishi zai sha aiki kafin ya zauna a ofishin da ke tafiya da Faransanci. Kimiyya, kwamfuta, noma da kasuwanci sun fi saurin shiga.

Ƙasashen sefa

Sanagal, Burkina Faso, Togo, Kodebuwa da Benin. Nijar tana cikin UEMOA har yanzu, kuɗi ɗaya, harshen karatu ɗaya, tsarin lisansi da masta da doktora ɗaya. Ba a neman biza, kuma aika kuɗi ta kamfanonin da muka saba da su yana isa cikin yini. Tun 2005 ƙungiyar ta fitar da umarnin cewa ɗaliban ƙasashenta su biya daidai da ƴan gida a jami'o'in gwamnati. Ba kowace makaranta ke bin sa yadda ya kamata ba, musamman a fannin lafiya, don haka a nemi farashi a rubuce daga ofishin rajista.

A ganina amfanin wannan hanya yana wajen makarantun ƙwarewa na haɗin gwiwa, waɗanda ba mu da irinsu: 2iE a Wagadugu don ruwa, makamashi da gine-gine, EISMV a Dakar don likitan dabbobi, EAMAU a Lome don zanen gini da tsara birane, ESMT da CESAG a Dakar don sadarwa da gudanarwa. Suna da tsada in ba burs, wasu sai an ci gasa, amma takardarsu tana da nauyi a duk yankin. Yankin kiwo irin Azawak da Adar kuwa kullum yana bukatar likitan dabbobi da injiniyan ruwa.

Wanda zai je Dakar ya karanci abin da ake koyarwa a Yamai, ya sake tunani. Jami'ar Cheikh Anta Diop tana da suna, amma cike take, ɗaki a Dakar tsada ne, kuma an rufe ta watanni da dama daga Yunin 2023 saboda rikicin siyasa. Hanyar Kwatano kuma ta yi wuya tun da aka rufe iyaka a Gaya. Babban tarko a nan shi ne ƙananan makarantu masu zaman kansu da ke karɓar kowa da kowane maki. Su ne ya kamata a bi jerin CAMES a kansu layi layi.

Maroko

Hanya biyu ce, kuma sun yi nisa da juna. Ta farko burs ɗin AMCI, hukumar Maroko ta haɗin gwiwa da ƙasashen waje. Ba a neman sa kai tsaye, ta hannun gwamnatinmu yake bi, wato ANAB, hukumar burs ta ƙasa da ke Yamai, ke karɓar dosiye ta tace bisa maki. Wanda aka ɗauka ba ya biyan kuɗin karatu a jami'ar gwamnati, kuma ana ba shi ɗan kuɗin aljihu duk wata. Kuɗin nan ba ya riƙe mutum a Rabat ko Kasablanka. Wasu suna samun gado a gidan ɗaliban ƙasashen waje na Rabat, da yawa kuma haɗa kuɗi suke yi su kama haya su uku ko huɗu. Gida zai ci gaba da aikawa duk wata, kuma kada a jingina ga tallafin gwamnatinmu kaɗai, tunda jinkirinsa ya sha fitar da ƴan ƙungiyar ɗalibai ta USN kan titi.

Duk da haka, ga yaro mai maki mai kyau daga gida mai matsakaicin ƙarfi, ban ga hanyar da ta fi wannan daidaito ba. Fannonin kimiyya, injiniya, likita da tattalin arziki da Faransanci ake koyar da su, ba a ɓata shekara a koyon harshe. Ƙasar Musulmi ce, azumi da salla da abinci ba sa zama damuwa. Akwai jirgi daga Yamai zuwa Kasablanka. Ɗan Nijar yana shiga ba biza don zaman kwana 90, a cikinsu ne zai nemi katin zama a ofishin ƴan sanda, ya riƙa sabuntawa duk shekara. Wanda ya bari kwanakin suka wuce ya jawo wa kansa tara da zirga-zirga.

Hanya ta biyu makarantu masu zaman kansu, waɗanda wakilansu ke zuwa Yamai talla. A nan a buɗe ido. A Maroko izinin buɗe makaranta daban, amincewa da fanni daban, amincewar gwamnati da makarantar baki ɗaya, wadda ke sa diflomarta ta yi daidai da ta jami'ar gwamnati, ita ma daban. Mai talla zai ce "muna da izini", kuma gaskiya ya faɗa, sai dai izinin mafi ƙanƙanta yake nufi. A tambaye shi takardar mataki na uku.

Haɗarinta: aikin ɗalibi ba shi samuwa da sauƙi, sanyin hunturu yana kama wanda ya tashi a Adar, kuma baƙar fata yakan gamu da maganganun raini a wasu unguwanni. Yajin aiki ma yana faruwa. Ɗaliban likita sun ƙaurace wa aji kusan shekara guda daga Disamban 2023 saboda rage shekarun karatu daga bakwai zuwa shida.

Turkiyya

Burs ɗin gwamnati mai suna Türkiye Bursları shi ne mafi cika cikin duk waɗanda na ambata: kuɗin makaranta, wurin kwana, inshorar lafiya, tikitin zuwa da na dawowa bayan kammalawa, kuɗin aljihu duk wata, da shekara ɗaya ta koyon Turkanci. Ana cikewa ta intanet, kyauta, yawanci daga 10 ga Janairu zuwa 20 ga Fabrairu, kuma ɗan ajin ƙarshe yana iya nema kafin ya zauna BAK. Duk wanda ya ce a ba shi kuɗi zai "saka sunan yaro", ƙarya yake yi.

Sharuɗɗa a fili suke: ƙasa da shekara 21 ga digiri na farko, 30 ga masta, 35 ga doktora. Maki kashi 70 cikin ɗari ga digiri na farko, 75 ga na gaba, 90 ga likita, haƙori da haɗa magunguna. In aka juya kai tsaye, kashi 70 shi ne 14 bisa 20, kashi 90 kuma 18 bisa 20, makin da ba kasafai ake ganinsa a BAK ɗinmu ba. Masu nema daga duniya sun fi dubu ɗari, guraben kuwa ƴan dubbai ne. A nema, amma a riƙe wata hanya a hannu.

Izini yana da sauƙi ga wanda aka zaɓa, tunda akwai ofishin jakadancin Turkiyya a Yamai kuma jirginsu yana sauka nan. Abin da za a biya shi ne lokaci: shekara ɗaya ta harshe da huɗu na digiri, biyar ke nan, alhali ɗan Maroko ya gama lisansi a uku. Hauhawar farashi kuma tana cinye kuɗin aljihu, don haka ɗan tallafi daga gida yana da amfani. Wuraren kwanan gwamnati na maza daban na mata daban, abin da ke kwantar da hankalin iyayen ɗiya.

Zuwa da kuɗin kai wani lissafi ne, domin jami'o'i masu zaman kansu da dalar Amurka suke yanka farashi. A yi hattara kuma da dillalan da ke cewa Turkiyya alhali Arewacin Saifurus suke nufi, yankin da Turkiyya kaɗai ta amince da shi a matsayin ƙasa. Ɗaliban Afirka da yawa sun maƙale a can, aikin da aka yi musu alkawari babu shi.

Faransa

A da ita ce hanyar da kowa ya sani. Yau ƙofar daga Yamai a rufe take: an dakatar da biza bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023, kuma Faransa ta rufe ofishin jakadancinta a Janairun 2024. Muddin ba a sake buɗewa ba, sai a nema daga wata ƙasa, kuma ofisoshin can sukan nemi shaidar cewa mutum mazaunin ƙasar ne. Zuwa Lome na mako biyu ba ya mayar da mutum mazauni.

Ga lissafi. Tun 2019 aka ɗaga kuɗin rajista ga waɗanda ba ƴan Tarayyar Turai ba. A shekarar karatu ta 2024 zuwa 2025 ya kai yuro 2,850 ga lisansi, kusan miliyan 1 da jika 870, da yuro 3,879 ga masta, kusan miliyan 2 da jika 540. Wasu jami'o'i suna yafe ƙarin, amma kada a gina lissafi a kan yafiya. Ƙa'idar da aka daɗe ana bi wajen biza ita ce nuna yuro 615 a wata, wato wajen miliyan 4 da jika 840 a shekara. Haɗe da rajista, shekara guda ta haura miliyan 6 da rabi, lisansi gaba ɗaya ya doshi miliyan 20. A Paris haya kaɗai tana iya cinye yuro 615 ɗin.

Abin da take da shi: doka ta ba ɗalibi damar aiki awa 964 a shekara, kuma diflomar jami'ar gwamnati tana wucewa a nan ba gardama. Aikin yana rage nauyi, amma yaron da ya dogara da shi kaɗai yakan faɗi aji, faɗuwa a jere kuma tana sa a ƙi sabunta katin zama. Shawarata ga mai son Faransa ita ce ya yi lisansi a Maroko, Sanagal ko Togo, ya samu katin zama da maki mai kyau, sannan ya nemi masta ta ofishin Campus France na can, mai karɓar dosiyen masu neman karatu a Faransa. Shekara biyu ce za a biya maimakon biyar, kuma mai tafiyar ya riga ya girma.

Kanada

Samun takardar karɓa daga wata kwaleji ba shi da wuya, shi ya sa dillalai ke son wannan hanya. Amma hangen Dala ba shiga birni ba ne. Bayan takardar karɓa akwai takardar amincewar lardi da aka shigo da ita a Janairun 2024 lokacin da gwamnati ta taƙaita yawan ɗaliban waje, a Kubek kuma akwai CAQ, takardar amincewar lardin, sannan izinin karatu na tarayya, dalar Kanada 150 da 85 na ɗaukar hoton yatsu. Daga 1 ga Satumban 2025, a wajen Kubek sai an nuna dalar Kanada 22,895 na zaman shekara guda, sama da miliyan 9 na sefa, ban da kuɗin makaranta da jirgi. Kuɗin makarantar kansa a jami'o'i da yawa ya fi wannan adadi.

Ƙin ba ɗaliban Afirka masu Faransanci izini ya yi yawan da har majalisar dokokin Kanada ta yi bincike a kai a 2022. Jami'in yana duba asalin kuɗin da ke asusu, yana kuma auna ko ɗalibi zai koma gida. Kuɗin aro da aka zuba a banki mako biyu kafin dosiye ana gane shi. Takardar jabu kuwa tana jawo haramcin shekara biyar, kuma tun Disamban 2023 ana tabbatar da kowace takardar karɓa kai tsaye daga makaranta. Ɗalibi yana iya aiki awa 24 a mako, wanda ke taimaka wa abinci da haya amma ba ya biyan makaranta. Ingancin karatu da damar aiki bayan kammalawa gaskiya ne, sai dai dokokinsu sun canja sau da yawa tun 2024.

Amurka ban sa ta a layi ba, domin ofishinta na Yamai ya dakatar da ba da biza a Yulin 2025, a Disamba kuma aka sa Nijar cikin ƙasashen da aka hana shiga. Masu BAK na Faransanci da Larabci kuwa suna da Azhar a Masar da Jami'ar Musulunci ta Madina, inda wanda ya samu burs ba ya biyan karatu. Su ma su auna da Jami'ar Musulunci ta Say da ke gida, su kuma tambayi kansu wane aiki za su yi da takardar idan sun dawo.

| Hanya | Gurbi | Izini | Nauyi a kan gida | Difloma a Nijar | Babban haɗari |
|---|---|---|---|---|---|
| Najeriya | JAMB, sai da Ingilishi | Ba biza a yanzu | Kaɗan zuwa matsakaici | Sai an daidaita | Yajin aiki, iyaka, tsaro |
| Ƙasashen sefa | Dosiye ko gasa | Ba biza | Matsakaici, makarantun ƙwarewa da tsada | Mai sauƙi in CAMES ta amince | Makarantun da ba su da amincewa |
| Maroko ta AMCI | ANAB, bisa maki | Katin zama cikin kwana 90 | Matsakaici, duk wata | Mai ƙarfi | Burs ba ya isa |
| Turkiyya ta burs | Intanet, Janairu zuwa Fabrairu | Mai sauƙi ga wanda aka zaɓa | Kaɗan | Sai an daidaita | Gurbi kaɗan, ƙarin shekara |
| Faransa | Campus France daga wata ƙasa | A rufe daga Yamai | Sama da miliyan 6 a shekara | Mai ƙarfi | Rasa katin zama |
| Kanada | Mai sauƙi | Mafi wuya | Mafi nauyi | Mai ƙarfi, sai an daidaita | Ƙin izini, dillalai |

Wa ya dace da wace hanya

Yaro mai maki 14 zuwa sama daga gidan da ba shi da ƙarfi: ya cike Türkiye Bursları a Janairu, ya kai dosiye ANAB don Maroko da sauran burs na haɗin gwiwa da zarar an yi sanarwa, ya kuma yi rajista a jami'ar gida don kada shekara ta tafi a banza. In gida ba zai iya aika ko jika 50 a wata ba, Turkiyya ta fi Maroko dacewa da shi.

Gidan da ke da albashi ko kasuwanci mai shigo da kuɗi duk wata, amma ba tarin miliyoyi: Maroko, ko ɗaya daga makarantun ƙwarewa na Wagadugu, Dakar da Lome in yaron ya san fannin da yake so.

Ɗan kasuwar da harkarsa ke tsakanin Ƙonni, Sakkwato da Kano, yana son magaji mai Ingilishi: Najeriya, da sharaɗin an yarda karatun shekara huɗu yana iya zama biyar. In takardar don shiga aikin gwamnati a nan ake nema, a fara tambayar ma'aikatar ilimi mai zurfi game da fannin kafin a biya ko sisi.

Iyayen ɗiya sukan fi damuwa da inda za ta kwana da wanda za a kira in ta yi rashin lafiya, kuma damuwa ce mai tushe. Maganinta a samu wurin kwana tabbatacce kafin tafiya, gidan ɗalibai na hukuma ko gidan dangi da aka sani, a kuma haɗa ta da ƙungiyar ɗaliban Nijar ta garin. Burs ɗin Turkiyya da garuruwan da ake da dangi sun fi ba da wannan.

Mai son likita: kada ya kama makarantar da dillali ya nuna masa sai ya tabbatar ƙungiyar likitoci ta ƙasa za ta yi masa rajista da takardarta. Shekara shida ko bakwai ba abin gwaji ba ne.

Mai lisansi a hannu da maki mai kyau: Faransa ta wata ƙasa, ko burs na masta a Turkiyya kafin ya cika 30. Kanada kuma ta gidan da zai iya nuna kuɗin halal mai asali na shekara ta farko, ya kuma san inda na sauran shekarun zai fito ba tare da an taɓa gonar gado ba. Wanda makinsa ya tsaya a 10 ko 11 kuma kuɗin gida na shekara ɗaya ne kacal, ya yi lisansi a Tawa, Yamai, Maraɗi ko Damagaram, ya ɗaga maki, ya koyi Ingilishi a gefe, ya nemi burs na masta da wannan sakamakon.